Kifin Haɗeja da Kantunan Nassarawa: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Asalin Garinmu Mazauna Birane

 

An ba mu damar yin magana a kan sana'o'in gida, sai muka ga ya dace mu fara daga Kano, inda da yawa daga cikinmu suke zaune. Duk wanda ya san unguwar Nassarawa GRA ya san asalinta: wuri ne da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu bayan sun ci Kano a 1903. Yau manyan ma'aikata da attajirai da baƙi 'yan Labanan da Indiya da Sin ne suke zaune a cikinta, kuma cikinsu ya buɗe kasuwar da a da babu ita. Ku shiga manyan kantuna da gidajen abinci na wannan yanki, za ku tarar da firji cike da jatan lande da kifin teku da aka yanka, aka cire ƙaya, aka naɗe a leda da tambari da ranar lalacewa. Masu saye ba sa ko tayawa. Mu ma, a gaskiya, muna cikin masu sayen, musamman idan za a yi baƙi.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, babban titin da ya ratsa gefen wannan unguwa sunansa Titin Haɗeja. Amma mun duba firjin kanti bayan kanti, ba mu ga giwan ruwa ko ƙarfasa ko tarwaɗa da aka rubuta sunan garinmu a jikinsu ba. Kifin da ya taso daga tekun Turai ya sauka a Legas, ya yi kwanaki a mota mai sanyi, ya iso lafiya. Namu, da ke tafiyar 'yan sa'o'i, bai iso ba.

Ba don babu buƙata ba ne. Hukumomin tarayya sun sha faɗa cewa Nijeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Sauran sai an shigo da shi da kuɗin waje, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, kifin ƙanƙara ya yi tsadar da ko a kasuwar Galadima ana kuka da ita. Mai kanti a yau zai so ya sami na gida. Mun tambayi wani daga cikinsu me ya hana, sai ya ce mu kawo masa kifi mai sanyi, mai tsabta, kowane mako ba fashi, zai saya. Sharaɗi uku ne, kuma babu wanda muka cika.

Mu ɗauki sanyi da tsabta, domin a nan ne laifin yake hannunmu. Masunci ya fito da kamunsa da hantsi, babu ƙanƙara a bakin ruwa, rana kuwa ba ta jira. Ko dai ya sayar wa dillali a farashin da dillalin ya ga dama, ko a yi banda. Bandar kifinmu tana da daɗi, babu mai musu, amma sau da yawa hayaƙi ya yi mata yawa, a shanya ta a ƙasa, a cusa a kwali. Mafi muni, akwai masu yayyafa mata maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Wanda yake biyan kuɗi mai yawa a Nassarawa yana jin irin waɗannan labarai, kuma yana da 'ya'yan da yake tsoron ciyar da su guba. Ku dubi kilishi: da a takarda ake naɗe shi a bakin titi, yanzu masu hankali sun sa shi a leda da lambar NAFDAC, ya shiga kanti, ya hau jirgi.

Sharaɗi na uku, wato samun kifi ba yankewa, ya fi ƙarfin masunci shi kaɗai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi yake hayayyafa, ta sauya hali. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu wuraren suka bushe, wasu suka nutse. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a shekara ta 2000, amma takarda ba ta yanke kachalla. Wannan magana ce da ya kamata 'ya'yanmu da ke majalisu da ma'aikatu su riƙa tayarwa, ba sai lokacin ambaliya irin ta 2022 ba.

Ga roƙonmu ga wannan taro. Shekara da shekaru muna tara gudummawa, muna gyara makaranta da maƙabarta, Allah ya saka wa kowa. A bana muna neman a ware kaso daga asusun a kafa ɗakin sanyi guda ɗaya mai amfani da hasken rana kusa da inda masunta suke sauke kifi, tare da murhun banda na zamani, a damƙa kulawarsu ga masuntan da matan da suke yin bandar, da sanin Sarkin Ruwa. Mu kuma da ke Kano, musamman 'yan kasuwa da masu aikin lafiya, mu ɗauki nauyin rajistar NAFDAC da neman kanti biyu ko uku da za su karɓi kayan gwaji. Muna roƙon shugaban taro ya naɗa kwamitin da zai kawo ƙiyasin kuɗi kafin zama na gaba, kuma a sa masunci aƙalla ɗaya a cikinsa.