Idan Likita Ya Ce a Koma Gida

A Ƙaraye da Rogo, idan ciwon daji ya ci jikin dattijo har likitocin Kano ko Shika suka ce a koma gida, jinya kan faɗa wuyan 'ya mace ko matar ɗa. Ita ce mai juya shi, mai wanke gyambo, mai kwana zaune tana jin nishinsa.

Akwai fannin likitanci na musamman domin irin wannan majinyaci. Cicely Saunders ta buɗe gidan irin wannan jinya na zamani na farko a Landan a 1967. Yuganda ta fi kusa da halinmu: tun 1993 ƙungiyar Hospice Africa ke bin marasa lafiya har gida da ruwan mofin, maganin zafin ciwo mai araha, daga baya aka yarje wa nas masu horo su rubuta shi.

Don haka kafin ku zaɓi asibiti, kada kyan gini ya ruɗe ku. Ku tambaya: akwai maganin zafin ciwo mai ƙarfi? Wa ke tsaye da dare? Za a koya wa mai jinya yadda ake juya mara lafiya? Wannan na ƙarshe ya fi damuna.

Muna roƙon gwamnatin Kano ta horar da nas ko biyu kan irin wannan jinya a kowace ƙaramar hukuma.