JAWABI KAN ZOBEN BAIKO DA LISSAFIN KUƊIN AURE

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu da ya dami gidaje da yawa a ƙasar Tasawa da ta Mayahi, wato kuɗin da saurayi ke kashewa tun daga baiko har zuwa ranar da amarya ta tare. Mun ga ya kamata a yi maganar yanzu da hatsi ke cikin rumbu, tun ba a fara sa ranaku ba.

Abin da ya tada zancen shi ne zobe. Samarinmu da ke zuwa ci-rani Kano da Legas da Agadas da Libiya suna dawowa da wata sabuwar al'ada da suka gani a birni ko a cikin salula: wai sai an sa wa yarinya zoben zinariya ranar baiko. Wasu ƴanmata kuma sun fara tambaya. Ba mu ce kyauta laifi ce ba. Amma kafin wannan kaya ya hau kan waɗanda muke ɗauke da su, ya kamata mu san daga ina ya fito.

DAGA INA ZOBEN YA FITO

Turawa sun daɗe suna ba da zobe wajen neman aure, amma zobe mai tsada mai dutsen daiman bai zama dole ga talakansu ba sai da ƴan kasuwa suka sa hannu. Wani babban kamfani mai haƙar daiman a Afirka ta Kudu, mai suna De Beers, ya ga kasuwarsa ta faɗi, sai a 1938 ya ɗauki masu talla a Amurka don su cusa wa mutane cewa ba a baiko sai da daiman. Da farko aka ce saurayi ya kashe albashin wata guda. Wajen shekarun 1980 tallar ta koma albashin wata biyu, a ƙasar Japan ma har wata uku. To, kun ji. Mai sayar da kaya shi ya yanka wa mai saye abin da zai kashe, mutane kuma suka ɗauka al'adar kakanninsu ce.

Mu kuwa malamanmu sun karantar da mu cewa sadaki shi ne haƙƙin mace, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙanƙantarsa rubu'in dinari ne na zinariya, abin da bai fi giram guda da ɗan kai ba, ko dirhami uku na azurfa. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa wani sahabi ya nemi aure ba shi da komai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya je ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Da bai samu ba, aka aura masa matar a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Ashe zoben da muka sani a addini alama ce ta sauƙi.

KAYAN DA MUKE ƊAUKE DA SU

Bari mu ƙidaya abin da ke kan saurayi a yau. Akwai kuɗin tambaya da na gaisuwar iyaye. Akwai goron baiko da na sa rana. Akwai kayan Salla idan Salla ta ratsa tsakani. Akwai sadaki. Akwai akwati da turamen atamfa da takalma da turare. Akwai gyaran ɗaki, da abincin buki, da makaɗa, da motar ɗaukar amarya. A ɗaya gefen kuma uwar yarinya tana fama da gado da katifa da kwanoni da gara, wani lokaci ma nata nauyin ya fi na ango.

Wannan kuka ba yau aka fara shi ba. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin taƙaita kuɗin aure, Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 da samariya suka yi ta jan hankalin jama'a. Abin bai ɗore ba, domin an rage a bainar jama'a, an ƙara a bayan ɗaki. Kowa na tsoron a ce ɗiyarsa ta yi araha. Daga nan muka gane doka daga sama ba ta isa ba, sai mutanen gari sun yarda a tsakaninsu.

Kuma mu tuna kayan akwati yawancinsu daga waje suke zuwa, ba mu ke yanka musu kuɗi ba. Manyanmu sun ga yadda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, kayan kanti suka tashi. Mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023. Wanda ya yi alkawarin turame goma a wata guda, bai san nawa za su kai ranar biya ba.

LISSAFIN DA MUKE SO A YI

Ma'aikaci yana lissafi da albashi. Mu manoma albashinmu sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma ba kullum yake zuwa cikakke ba. Wanda ya ga 1973 da 1984 da 2005 ba ya bukatar a gaya masa. Saboda haka ga yadda muke ba da shawara a yi.

Na farko, a fara da rumbu. Bisa lissafin ma'aikatan noma, mutum guda yana cin abin da ya kai buhu 2 zuwa 2 da rabi na hatsi a shekara, buhu mai kilo 100, wato tiya 40. Ango da amarya ke nan suna bukatar wajen buhu 5 kafin wata kaka. A ware wannan, a ware iri, a fidda zakka, a ware abin da ake taimaka wa iyaye da shi. Abin da ya rage shi ne na aure.

Na biyu, kuɗin aure su fito daga wake da gyaɗa da riɗi da aya da kuɗin ci-rani da dabbar da aka turke don haka. Kowa ya san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Wanda ya sayar da hatsinsa a Nuwamba don akwati, shi ne zai saye shi da tsada da damana, lokacin da ya kamata yana gonarsa sai ga shi yana ƙwadago a gonar wani.

Na uku, a rubuta komai. Saurayi ya zauna da mahaifinsa ko waliyyinsa da wani mai ilimi, a jera abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsu. A ce misali abin da ya tara jikka 200 ne. To, a fara cire sadaki, sannan gyaran ɗaki, sannan tufafin da amarya za ta sa, sannan goro da abinci. A ajiye jikka 20 ko 30 da ba za a taɓa ba, saboda ciwo ko wata larura a watannin farko. In wani abu ya saura, ga zobe nan, na azurfa wajen maƙeran farfaru ya wadatar. In bai saura ba, a bar shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na huɗu, a fara tari da wuri. Jar akuyarmu ta Maraɗi wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye take haifa. Yaron da ya sayi akuya biyu shekara biyu kafin aure, ya turke rago don Babbar Salla, ya riga ya yi nisa. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta taimaka aka fara a 1991 a nan jihar Maraɗi, da zubin mako-mako ya ginu, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Me zai hana samari su kafa irin nasu?

Na biyar, kuma shi ne mafi girma: kada a jinginar da gona saboda aure. Mun ga gidajen da suka ba da gona jingina don buki na kwana uku, shekaru suka wuce ba su fanshe ta ba. Gonaki sun ƙanƙance, ƴaƴa sun yawaita, wanda ya saki tasa da wuya ya sake samu. Ango ya koma ci-rani wata biyu bayan buki don biyan bashi, amarya ta zauna da akwati cike da zannuwa, tukunya babu komai. Daga nan ake fara yaji, daga yaji sai saki.

ROƘONMU

Iyayenmu mata, mun san gori ne kuke gudu ranar da ake buɗa akwati a gaban maƙwabta. Idan duk unguwa ta yarda a kan adadi guda, mai gori ba ta da abin faɗi. Muna roƙon a daina shelar yawan turame.

Iyayenmu maza, ku tambayi mai neman ɗiyarku gonarsa da sana'arsa da halinsa. Idan ya kawo abin da ya fi ƙarfinsa, ku tambaye shi inda ya samo, domin bashin da ya ci ɗiyarku ce za ta biya shi da yunwa.

Ƴanmata, wadda ke son zinariya ta sani gara ta karɓe ta a cikin sadakinta, ta zama dukiyarta da ba mai taɓawa sai da yardarta, ko ta sayi akuya da kuɗin.

Samari, ku faɗi gaskiyar abin da kuke da shi tun ranar tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma amarya za ta ga cikin rumbu da idonta.

Kwamiti yana ba da shawara a taro mai zuwa a gayyato maigari da liman da shugabannin mata da na samari, a tsaida adadin goro da na turame da kowa zai iya, a rubuta, a karanta a masallaci da wuraren suna. Wanda ke da wata shawara ya kawo ta ga magatakarda kafin ranar.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya ba ƴaƴanmu zaman lafiya a ɗakunansu. Wassalamu alaikum.