Ranar Da Makaɗina Ya Ajiye Kalangu

Yau ba baƙo, ni kaɗai ne, kuma laifina zan faɗa muku.

Ni ɗan Gwaram ne, a gidajen biki na koyi waƙa. Wani dattijo ke min kiɗan kalangu, Baba nake ce masa. Shi ya koya min inda ake jan numfashi da inda ake yi wa 'yan amshi sarari. In na ɓata baiti, sai ya matse tsirkiyar kalangun, sautin ya tashi ya rufa min asiri.

To, da na samu ɗan kuɗi sai na tafi Kano situdiyo. Muka ɗauko salon kiɗan Baba muka ɗora a fiyano. Waƙa ta fita, ana ta turawa a waya, sunana ne kaɗai a jiki. Wallahi ko a raina ban kawo akwai matsala ba.

Da na dawo na je gaishe shi, sai ya ce, "Yaro, na ji hannuna a waƙarka, amma ban ji sunana ba." Daga ranar ya daina fita biki da ni.

Kun san abin da ya dawo da ni hankalina? Duwatsun Birnin Kudu. Mun je kallon zanen shanun da ke Dutsen Mesa, aka nuna mana dutsen da in ka buga shi yake amo kamar ƙararrawa. Waɗannan duwatsun kiɗa ne Baturen nan mai binciken tarihi, Bernard Fagg, ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Na shafa ramukan da bugu ya bari a jikinsu. Mutane nawa suka yi kiɗa a nan? Ba wanda ya iya faɗa min sunan ko ɗaya. Jikina ya yi sanyi, don abin da na yi wa Baba ke nan tun yana raye.

Ku duba magabata. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, su da hannunsu suke kiɗa. Amma Mamman Shata, har ya rasu a 1999, da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na koma na durƙusa na ba shi haƙuri, na kai masa kasonsa. Ya karɓi haƙurin, kuɗin kuwa sai da abokinsa ya sa baki.

Don haka ƙannena masu tasowa, kafin ku shiga situdiyo, ku zauna ku yi magana: wa ya yi kiɗa, wa ya rubuta baiti, nawa kowa zai samu. Ku rubuta, a sa shaida, kuma ku sa sunan kowa a jikin waƙar.

Ranar Asabar akwai biki, ni da Baba za mu je. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.