Idon da ke Sama da Gonar da ke Ƙasa



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta da damina ya san babu daji a tsakani. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ga gawo da ɗorawa tsaye a tsakiya. Tun 1965 masanin nan Michael Mortimore ya bayyana yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma ƙasar kewayen Kano kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da takin dabbobi da sharar birni. Amma gado yana ta rarraba gonaki, takin zamani kuwa ya yi tsada. To, yaya za mu gane gajiyar ƙasa kafin rumbu ya faɗa mana?

Wata amsa tana sararin samaniya. Idon mutum yana ganin haske daga nanomita 400 zuwa 700 kurum, watau launukan bakan gizo. Akwai na'urar da ake ɗora wa tauraron ɗan'adam, wadda ke tsaga hasken da ƙasa ta mayar gida-gida fiye da 200, har zuwa wajen nanomita 2,500. Kowane abu da irin tambarinsa a cikin wannan haske. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wanda ke bayan ja. Idan ya rasa sinadarin naitirojin, sai tambarin ya sauya. Laka tana bayyana wajen nanomita 2,200, danshi kuma wajen 1,400 da 1,900. Ta haka ake rarrabe rairayi da jangargari da fadama.

Landsat na Amurka, wanda aka harba a 1972, gida huɗu ya raba haske, namu NigeriaSat-1 na 2003 kuwa gida uku. Hyperion, da ya yi aiki daga 2000 zuwa 2017, ya kai 220. Italiya ta harba PRISMA a 2019, Jamus ta bi da EnMAP a 2022.

Sai dai fa, jama'a, ba nan gizo ke saƙa ba. Ɗigo ɗaya a hoton EnMAP fili ne mai mita 30 tsawo, 30 faɗi. A Makoɗa ko Minjibir, wannan fili na iya ƙunsar gero da wake, da inuwar gawo, da shingen maƙwabci, har da ƙuduji, duk a cakuɗe. Da damina girgije na rufe gona, da hunturu kuma hazo. Na'ura ba ta warware cakuɗen sai an auna ƙasa da ganye a gonar kanta, an koya wa kwamfuta abin da take gani.

Tarihi ma ya gargaɗe mu. A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana cinye Arewa. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta zaga yankin a 1936 zuwa 1937, ba ta tarar da abin da ya faɗa ba. Hukuncin da aka yanke a gurguje yakan zama doka a kan talaka, ko da kuskure ne.

Saboda haka aikin namu ne. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Busassun Yankuna, akwai kuma Cibiyar Hangen Ƙasa daga Nesa a Jos. Mu koyi lissafi da fasahar karanta waɗannan hotuna, sa'an nan mu cire takalman ofis mu shiga kunya, mu tsuguna gaban dattijon da ke gane ƙasa da murzawa a tafin hannu. Idan ba mu yi ba, wasu za su zana mana taswirar gonakin iyayenmu, mu kuwa mu sa hannu ba mu san abin da ke ciki ba.