Jawabi: Ɗakin Karatu Cikin Faifai Ɗaya



A 1992 kamfanin Microsoft ya soma fitar da faifan MSDN domin masu rubuta manhajar kwamfuta. Faifai ɗaya mai cin megabayit 650 ya ƙunshi littattafan bayani da misalan aiki. Mutum ya rubuta sunan umarnin da ya shige masa duhu, nan take bayaninsa ya fito, ba ruwansa da intanet.

Yau bayanan sun koma intanet, ga shi kuwa ƙannenmu ba kullum suke samunta ba. Ina roƙon ƙungiya ta sa a sauke littattafan bayanin Python, waɗanda kyauta ne, a kwamfutocin makarantarmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.