Kuben Morse: Ka Auna Kafin Ka Saya

Mastocinmu masu injin fere ƙarfe a Salaga da Yendi da Bawku, da yaran shagonsu. Yau maganarmu a kan ɗan kuben nan ne da ake zura gindin dirili a ciki, kafin a sa shi a ramin wutsiyar inji.

Ramin nan bakinsa ya fi cikinsa faɗi, yana tsukewa a hankali, kusan milimita 1 a kowane milimita 20. Wannan tsukewar ce kaɗai ke riƙe dirili, ba noti ba kusa. Wani Ba'amurke, Stephen Morse, shi ya fito da tsarin a wajejen 1864, shi ya sa ake rubuta MT. To ku 'yan Bawku, ku da kaya ke shigo muku ta Cinkassé, in kun ga CM3 kada ku ruɗe, rubutun Faransa ne. MK3 kuma na Jamus. Duk abu guda ne da MT3.

Lambar ta goge fa? Ɗauko baniya ka auna bakin ramin. Milimita 12 lamba 1 ke nan, kusan 18 lamba 2, kusan 24 lamba 3, 31 da ɗoriya lamba 4, 44 lamba 5. In dirilinka lamba 2 ne, ramin kuma lamba 3, kube 3-2 za ka nema. In dirilin ne ya fi ramin girma, akwai soket mai tsawo, amma ni dai ba na son sa. Yana ƙara tsawo, dirili ya riƙa rawa, ramin da kake hudawa a sandar injin niƙa ya fito ya fi awo. Haka ma jera kube uku, wani cikin wani.

Inda aka fi shan wuya shi ne sandar cok, don kai biyu gare ta. Gindin Morse ne, amma kan da ke shiga cok ɗin daban yake, ko Jacobs ko B. JT33 da B16 a ido kamar tagwaye, bambancin faɗinsu bai kai rabin milimita ba, amma tsukewarsu ba ɗaya ba ce. Zai shiga, e, ka ɗauka ya zauna. Sai aiki ya yi nauyi cok ya suɓuce. Saboda haka in za ka aika Suame Magazine a Kumasi, kada ka ce wa direba "a sayo irin wannan" da baki. Karanta abin da ke jikin cok ɗin ka rubuta masa, ko ka ba shi tsohuwar sandar ya tafi da ita.

Kaya sun iso, ka ja layi uku da maka a tsawon kuben, ka zura, ka ɗan murɗa, ka zare. In layin ya goge tun daga sama har ƙasa, madalla. In wuri ɗaya kawai ya taɓa, mayar musu. Kuben da bai zauna ba juyawa zai yi ya ci cikin ramin, kuma gyaran wutsiyar inji ya fi kuɗin kube nesa ba kusa ba.

Yara, ga naku. Ɗan harshen da ke gindin kube don cirewa aka yi shi, ba shi ke ɗaukar ƙarfin aiki ba. A cire da ƙarfen cirewa ta tagar gefe, ban da dukan kube da guduma. Lokacin hunturu kuwa, ƙura ko'ina, a goge rami da kube tas da tsumma, a bushe, kafin a haɗa su.