Hayaƙin Ƙona Sharar Asibiti a Maiduguri: A Fara da Ma'aunin Zafi

Matsayin wannan takarda shi ne, dokar hayaƙin ƙona sharar asibiti ba za ta yi tasiri a Maiduguri ba muddin kowane asibiti yana da nasa murhun, kuma muddin ba a tilasta rubuta zafin wutar da ake ƙonar da ita ba. Dokoki kam muna da su. An kafa hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin tsafta da shara a 2009, na ingancin iska a 2014, na sharar asibiti a 2021. Tun 2004 Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm, wadda ta ambaci murhun ƙona sharar asibiti cikin manyan hanyoyin fitar gubar dayoksin da furan. Abin da ya rage shi ne jami'in da zai tsaya gaban murhu da ma'auni a hannu.

Zafin wuta shi ne tushen maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida, kashi 15 ne kawai mai haɗari. Inda ba a rarrabe ta tun daga ɗakin marasa lafiya ba, kwali da ragowar abinci da auduga mai jini da ledar ƙarin ruwa duk wuta ɗaya suke shiga. Shara mai danshi tana rage ƙarfin wuta, robar PVC da ake yin ledar jini da igiyar ƙarin ruwa da ita kuma tana ɗauke da sinadarin kulorin. Idan waɗannan biyu suka haɗu a zafin digiri 200 zuwa 450, nan dayoksin ke samuwa. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce murhu ya riƙe digiri 850 zuwa 1,100, hayaƙin ya daɗe aƙalla daƙiƙa biyu a ɗaki na biyu na murhun, a kuma tace shi har dayoksin ɗin kada ya wuce nanogiram 0.1 a kowace kubik mita ta hayaƙi. Murhun bulo da aka gina a bayan asibiti, wanda leburan shara ke hura shi da ɗan kalanzir, ba ya riƙe wannan zafi daga farkon ƙona zuwa ƙarshe. Gubar kuma ba ta tsayawa a iska. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi, kuma jiki yana ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa mafi munin nau'inta cikin masu haddasa ciwon daji tun 1997.

Halin Maiduguri ya ƙara wa matsalar nauyi. A ƙarshen 2016 binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa cikin cibiyoyin lafiya 743 na Jihar Borno, kashi 35 cikin 100 sun rushe gaba ɗaya, kashi 29 sun lalace. Marasa lafiya suka dawo kan birnin, tare da ɗimbin 'yan gudun hijira, gidaje kuma suka matso har jikin katangar asibitoci. A Janairun 2021 aka kai hari kan turakun wutar lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har sai da aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. Murhu mai ɗaki biyu yana shan man dizal. Shugaban asibitin da ke da jarka ɗaya, ga ɗakin tiyata ga murhu, kowa ya san inda zai kai ta, kuma ba za a zarge shi ba. Ga hazon hunturu da ke danne hayaƙi ƙasa-ƙasa da sassafe, ga awaki da kaji da ke kiwo a bola. Sannan ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024, wadda ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta nuna cewa ramin toka mara siminti a wannan gari ajiya ce ta wucin gadi, domin ruwa yana iya kwasar abin da ke ciki zuwa unguwanni da kogin Ngadda.

Jami'ai sukan fake da cewa gwajin dayoksin yana da tsada, yana kuma buƙatar ɗakin gwaji na musamman. Gaskiya ne, amma tsadar gwaji ɗaya ba ta zama hujjar barin sauran ba. Na'urar auna zafi da ke rubuta lissafinta da kanta ba ta kai kuɗin taron bita guda ba, kuma da ita mai sa ido zai gane ko an zuba shara kafin wuta ta kai 850. Tsawon bututun hayaƙi, da nisansa da gidaje, da inda ake binne toka, duk ido yana gani. Darasin Amurka ya isa misali: lokacin da hukumar muhallinsu ta kafa iyakar hayaƙi a 1997 akwai irin waɗannan murahu fiye da 2,000, zuwa 2009 ba su kai 60 ba. Asibitocin ba su rufe ba. Sun koma kashe ƙwayoyin cuta da tukunyar tururi, suna aika ragowar zuwa manyan cibiyoyi 'yan kaɗan da za a iya sa wa ido. Maiduguri gari ɗaya ne, mota tana ratsa shi daga Bulumkutu zuwa Muna cikin ɗan lokaci. Cibiya ɗaya ko biyu a bayan gari, da motar kwasar shara mai rufi, sun fi sauƙin dubawa a kan murhu a kowace harabar asibiti.

Ƙorafi mafi ƙarfi yana fitowa ne daga likitoci: a garin da kwalara ta ɓarke a 2017 da 2018 da 2022, barin shara mai cuta tana jiran mota ya fi hayaƙi haɗari, kuma allurar da yaro ya tsinta a bola tana iya sa masa ciwon hanta yau, alhali illar dayoksin sai bayan shekaru. Na yarda da wannan a lokacin annoba, kuma ya dace doka ta ba da izinin ƙonar gaggawa mai wa'adi. Abin da ba zai karɓu ba shi ne gaggawar ta zama tsarin dindindin shekara da shekaru. Batun wuta ga tukunyar tururi kuwa, hasken rana ba abin da Borno ta rasa ba ne.

Saura wa zai ɗauki nauyi. NESREA ta tarayya ce, hukumar kare muhalli ta BOSEPA ta jiha, Ma'aikatar Lafiya ita ke ba asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma tsakanin ukun nan aikin ke faɗuwa ƙasa. Ina kira ga Gwamnatin Borno da ta sa sabunta rajistar kowane asibiti ya dogara da shaidar inda shararsa ke zuwa, ta hana gina sabon murhu mai ɗaki ɗaya a cikin gari, ta kuma umarci BOSEPA ta buga jerin murahun da ke aiki tare da lissafin zafinsu duk wata uku. Ƙungiyoyin agaji masu ba da kyautar murhu su haɗa da kuɗin mai da gyara da horar da mai ƙonawa, in ba haka ba kada a karɓa.